KWAƊON DA BAI SAMU GADA BA: YINI BIYU A BIRNIN FARIS

Wannan karon ba ƙagaggen labari na zo muku da shi ba, abin da ya faru da ni ne, kuma zan fara ne da tona wa kaina asiri.

Duk wadda ta karanta littafina na biyu za ta tuna babin da ango ya ɗauki amaryarsa suka tafi cin amarci birnin Faris na ƙasar Faransa. Na rubuta cewa sun tsaya a kan wata gada da daddare, suka maƙala kwaɗo mai ɗauke da sunayensu a jikin wayar gadar, suka jefa ɗan makullin cikin kogi don kada wani ya raba su. Kwaɗon ƙofa nake nufi fa, ba na tafki ba. To wallahi lokacin da na rubuta babin nan ko cikin filin jirgin sama ban taɓa shiga ba. A waya na ga hoton gadar, ina zaune kan tabarma a tsakar gidanmu, an ɗauke wuta, ina ta fama da mafici.

Ana nan sai ga shi a 2025 Yayata ta haihu a garin Lil da ke arewacin Faransa, inda mijinta yake karatun digiri na uku. Hajiyarmu ba ta iya doguwar tafiya saboda ciwon ƙafa, sai aka ce ni in je in kula da mai jego. Ranar suna, in ma za a kira shi suna, don mu goma sha biyu ne cif a falo, babu maroƙi babu kiɗan ƙwarya, sai ga wata budurwa ta yi sallama ɗauke da kular dambun shinkafa. Doguwa ce, baƙa mai sheƙi, da 'yar wushirya, ta sha atamfa ruwan ganye ta ɗora rigar sanyi a kai. Ta roƙe ni kada in faɗi sunanta, saboda haka za mu riƙa kiranta 'Yar Damagaram, tunda can ne garinsu a Jamhuriyar Nijar. Tun 2022 take Lil tana karatun harkar tsabtace ruwan sha, a jami'a, ko kuwa lakwal kamar yadda take faɗa.

Da Yaya ta ce mata ni ce mai rubuta littafin nan, sai ta dafe ƙirji ta ce, “Ke ce? Wallahi sau uku na karanta shi a waya. Ashe kin san Faris haka! Ni shekarata uku a ƙasar nan, ban da filin jirgi ban san ko'ina a birnin ba.”

A nan ya kamata in ce mata, baiwar Allah ni ma ban taɓa zuwa ba. Amma ina! Kan marubuciya ya riga ya fasu. Na yi murmushi kawai na gyara zaman mayafi. Ta kama hannuna ta ce, “Kafin ki koma Kano sai kin kai ni gadar nan.” Na ce, “Allah Ya kai mu.” Cikina kuwa ya ɗuri ruwa.

Sai da muka yi wata biyu muna lallashin mijin Yaya kafin ya yarda 'yan mata biyu su kwana a wani gari su kaɗai. Sharuɗɗansa uku: masaukin ya zama ɗakin mata zalla, mu buga waya duk bayan sallah, kuma ƙarfe 10 na dare ta yi mana a ɗaki. Muka amsa da to.

Ranar Asabar 27 ga Satumba 2025, tun da duku-duku muka fita. Tsakanin Lil da Faris kamar kilomita 220 ne, wato kusan tafiyar Kano zuwa Damagaram. Akwai jirgin ƙasa mai gudun tsiya da ke cinye tafiyar cikin awa ɗaya, amma ƙawata ta ce wannan na masu hannu da shuni ne, mu ɗalibai sai bas, awa uku. Ta zo da burodi dogo irin nasu mai kama da sanda, da dafaffen ƙwai shida, da yaji a ƙullin leda, da gorar ruwa biyu. Na ce, “Haba ƙawata, Faris fa za mu, ba Kwanar Dangora ba.” Ta ce, “In mun isa kya gane.”

Na kuwa gane. A lokacin yuro ɗaya ya haura naira 1,700, a kuɗin sefa kuwa 655 ne da 'yan kai, shi ba ya motsi. Duk abin da muka gani sai ta juya shi zuwa jikka, ni kuma in juya shi zuwa naira, sai mu kalli juna mu wuce. Shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa sau ɗaya, wanda suke kira metro, yuro 2.50 ne a shekarar, ko tasha ɗaya za ki je ko ƙarshen layi. Tun 1900 suke da jirgin nan, 'yan uwa, tun kafin Turawa su ci Kano da shekara uku. Rami ne a ƙarƙashin rami, matakala a kan matakala, mutane na gudu kamar an biyo su, babu mai kallon wani balle sannu. Da muka zo ƙofar shiga sai na tsaya ina waige-waige da kuɗi a hannu, ina neman wanda zan miƙa wa. Ƙawata ta kalle ni ta gefen ido, ba ta ce uffan ba, ta ɗora katinta a kan na'urar, ƙofa ta buɗe, ta nuna min yadda zan yi da nawa.

Masaukinmu na matasa ne kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Gar du Nor, wato Tashar Arewa. Aka ce ɗaki sai ƙarfe 3, saboda haka muka ajiye jakunkuna a ma'ajiyarsu muka fita. Na lura ƙawata ta zaro wani abu a ƙulle cikin hankici ta cusa a aljihun rigar sanyinta, amma ban tambaya ba.

Tasha biyu kacal daga nan a layi na 4 sai ga mu a unguwar Shato Ruj. Ke dai bari! Muna fitowa daga rami na ce, “La ilaha illallahu, Sabon Gari!” Ga kuɓewa ɗanya, ga gauta, ga doya da rogo, ga busasshen kifi, ga manja a jarka, ga attaruhu jajir, ga masu gasa masara a bakin titi suna kiran ciniki. Shagunan atamfa kuwa jere reras, an jibge su tun daga ƙasa har rufi kamar a Kantin Kwari. Mutanen Senigal, da Mali, da Kwango, da Kamaru, kowa da yarensa. Wannan ita ce Faris ɗin da ban taɓa gani a hoton waya ba, kuma babu ita a littafina ko layi ɗaya, alhali a nan ne na fara jin numfashina ya daidaita.

Muna cikin taya wani turmin atamfa da ba mu da niyyar saye, ina ce wa ƙawata, “Wannan a Kwari rabin kuɗin nan ne,” sai mai shagon ta ɗago ta ce, “To ki koma Kwarin mana, 'yata.” Muka daskare. Ashe Hajiyar mutuniyar Garwa ce ta Kamaru, Hausa a bakinta tsaf. Ta yi ta dariya, ta tambayi iyayenmu, ta shimfiɗa mana darduma a bayan kanta muka yi sallah, ta kuma kwatanta mana inda za mu ci shinkafa da miyar gyaɗa ta halal da araha. Da za mu tafi ta ce, “Ku rataya jakunkunanku ta gaba, waya kuma kada ta kwana a aljihun baya. In wani ya ce ku miƙo hannu zai ɗaura muku zare, ku dunƙule hannunku ku wuce.”

Maganarta kuwa kamar ta duba. Daga unguwar muka hau tudun Monmartar da ƙafa, tudun da ya fi ko'ina tsawo a birnin, wajen mita 130, inda wata farar majami'a mai ƙubba take zaune a samansa, wadda aka fara ginawa a 1875. A gindin matakalar wani saurayi ya tare ni yana murmushi yana cewa 'yar uwa 'yar uwa, kafin in ankara ya kama yatsana zai naɗa zare mai launi. Ƙawata ta daka masa tsawa da Faransanci, ta fizge ni. Ta ce da ya gama ɗaurawa sai ya ce in biya, abokansa su kewaye mu. Daga can sama kuwa birnin ya baje a gabanmu, rufin gidaje ruwan toka har iyakar ganin ido. Ta ce in ɗauke ta hoto. Na ɗauka ya fi ashirin. Wannan ta ce jakar ledar burodi ta fito, wancan ta ce takalminta ya nuna tsufa, a yanke ƙafar. Na ce, “Wai wa za a aika wa ne?” Ta ce, “Gida.”

Bari in tsaya nan in amsa tambayar da na san tana ranku, don ni ma ita na fara yi kafin in taso: a'a, babu wanda ya ce mu cire mayafi. Da hijabinmu muka yi yawonmu a titi da metro da gidan tarihi, ita ma da shi take shiga aji a jami'a. Abin da dokarsu ta 2010 ta hana shi ne rufe fuska a bainar jama'a. A makarantun gwamnati na firamare da sakandare kuwa, tun 2004 ɗaliba ba ta shiga da ɗankwali. Kallo dai akan sha shi jefi-jefi, wani na mamaki wani na raini, sai ki yi kamar ba ki gani ba.

Ƙarfe 3 muka isa gidan tarihi na Lufur, don ta riga ta kama mana lokaci ta intanet. Asalinsa fadar sarakunan Faransa ce, aka mayar da ita gidan tarihi a 1793, sannan a 1989 aka dasa wata dalar gilashi a tsakar gidan, ta nan ake shiga. A nan katin ɗalibta ya yi rana: duk mazaunin ƙasar da bai kai shekara 26 ba kyauta yake shiga, saboda haka ita ta wuce salin-alin, ni kuwa baƙuwa na ajiye yuro 22, kusan naira 38,000. Har yanzu in na tuna sai na ji zafi a ƙirjina, duk da an ce in gode Allah, domin daga Janairun 2026 an mayar da shi yuro 32 ga wanda ya zo daga wajen Turai.

Kaya wajen 35,000 ne a baje a gidan, wanda ko wata guda kika yi ba za ki gama kallonsu ba, amma kowa hanya ɗaya yake bi, wajen hoton Mona Lisa. Muka bi ayari, muka sha matsi kamar layin awo ranar Litinin. Da muka iso gaba na ce, “Ina take?” Ƙawata ta ce, “Ga ta nan.” 'Yan uwa, hoton nan da duniya ke ta zuzutawa tsawonsa santimita 77 ne, faɗinsa 53, bai fi madubin ɗakin amarya ba. Wata mata ce zaune ta harɗe hannuwa, babu jan baki babu sarƙa, ko gira ba a gani sosai, tana wani ɗan murmushi kamar wadda ta ji gulmar kishiya ta ƙi faɗa. Wani Ba'italiye mai suna Leonardo da Vinci ya zana ta shekara 500 da ɗoriya da suka wuce. A 1911 wani ma'aikaci ya saci hoton, sai 1913 aka gano shi, kuma wannan satar na cikin abin da ya ƙara masa suna. Ko minti ɗaya ba mu yi a gabanta ba masu gadi suka ce a matsa. Gaskiya ni ɗakunan kayan Misira sun fi burge ni, da akwatunan gawar fir'aunoni da tandun kwallin matansu. Mako uku bayan zuwanmu, ranar 19 ga Oktoba 2025, ɓarayi suka haura gidan da safe suka kwashe kayan adon sarauta. Hajiyarmu na jin labarin a rediyo ta bugo waya tana cewa, “Ba gidan da kika je ba ne? Allah Ya sa ba su rubuta sunanki ba.”

Da muka fito rana ta yi sanyi. Ƙawata ta duba taswirar waya ta ce, “Gadarki tana nan bayan ginin.” Gabana ya faɗi ras. Tun safe nake addu'ar Allah Ya sa ta manta.

Sunan gadar Pon de Zar, ta masu tafiya a ƙasa ce kawai, an shimfiɗe ta da katako a kan kogin Sen. Muka hau. Na duba dama, na duba hagu. Babu kwaɗo. Babu ma wayar da za a maƙala shi, gilashi ne fes tun daga wannan bakin har wancan. Na ce ko ba ita ba ce, mu duba gaba. Ta ce ita ce, ga sunan nan. Ta je wajen wani dattijo cikin masu sayar da tsofaffin littattafai a korayen akwatuna a bakin kogin, suka yi magana, ina ganinsa yana dariya yana kwatance da hannu. Ta dawo jiki a sanyaye ta fassara min.

Wai wajen 2008 masoya suka fara wannan al'ada, kafin a ankara kwaɗo ya hau kan kwaɗo har ba a ganin waya. A watan Yunin 2014 wani ɓangaren shingen ya rufta saboda nauyi. A watan Yunin 2015 hukumar birnin ta zo da motoci ta kwashe su kaf, nauyinsu wajen tan 45, aka sa gilashi. Ku lissafa da kanku, 'yan uwa. Shekara da shekaru kafin in ɗauki biro, gadar da na kai amaryata ta riga ta daina karɓar kwaɗo.

Muka zauna a kan wani benci a tsakiyar gadar. Na ce, “Ƙawata, ki yafe ni. Ban taɓa zuwa garin nan ba sai yau. A waya na gani.”

Ta ce, “Na sani tun da safe, da kika tsaya kina neman yaron mota a metro.” Ta yi 'yar dariya, sai kuma dariyar ta karye. Ta sa hannu a aljihu ta zaro ƙullin hankicin nan ta kwance. Kwaɗo ne sabo fil, ruwan zinariya, da 'yan makullai biyu, an rubuta haruffa biyu a jikinsa da jan farce. Ta ce, “Amma na ɗauka ko ba ki zo ba, gadar dai gaskiya ce.” Sai hawaye shar.

A nan ta buɗe min cikinta, abin da wata biyu muna tare ba ta taɓa faɗa ba. Akwai wanda aka yi musu baiko tun kafin ta taso, malamin makaranta ne a Damagaram, mutumin kirki, shekara uku yana jira. Tun da ta zo ba ta taka gida ba, kuɗin jirgi ya fi ƙarfinta, ga shi tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 zirga-zirga tsakanin Yamai da Faransa ta ƙara wuya. To a makon nan mahaifiyarsa ta aika gidansu cewa haƙuri ya ƙare: ko ta dawo a yi biki kafin azumi, ko a nema masa wata. Ita kuwa saura mata shekara ɗaya cur ta gama. Gona mahaifinta ya sayar ya turo ta, ga ƙanne huɗu mata sun zuba ido su ga abin da karatun 'ya mace zai haifar.

Ta ce, “Kin san abin da ya fi ci min rai? Sun ɗauka daɗi ne ya riƙe ni. Kuma ni na jawo, da hotunan da nake aikawa.” Ashe ƙarfe 5 na asuba take tashi ta je sharar ofisoshi da wankin banɗaki kafin ta wuce aji. Doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi aikin awa 964 a shekara, to ita tana cinye su kusan tas, da su take biyan hayar ɗakin da bai fi shagon mai shayi ba, har ta ɗan aika wa mahaifiyarta. Kuɗin wannan tafiya tamu ma tun ranar suna take tara shi. Ba ta taɓa faɗa wa kowa a gida ba, shi ma saurayin bai sani ba, wai kada a ce 'yar malam tana wankin masai a Turai. Niyyarta ta maƙala kwaɗon, ta ɗauki hoto ta aika masa, ko zuciyarsa ta yi sanyi ya lallashi tsohuwa.

Na rasa ta cewa. Ni da nake raba aure in ɗaura a takarda cikin shafi biyu, sai ga ni zaune jugum kamar an dasa ni. Da na buɗe baki ma shirme na faɗa, na ce ta rubuta masa doguwar wasiƙa mai ratsa zuciya, ni zan tsara mata. Ta share ido ta ce, “Marubuciya, wannan ba littafi ba ne. Tsohuwar ba ta karatu.” Na ji kunya har tafin ƙafata.

Duk da haka ba ta yarda mu koma masauki ba sai mun ga Hasumiyar Ifel, ta ce ba za ta yi asarar kuɗin mota biyu ba. Muka tsaya a dandalin da ke tsallaken kogi muna cin ragowar burodi da ƙwai da yaji. Ƙarfe ne zalla aka saƙa kamar ragaya, tsawonsa mita 330. Kamfanin injiniya Gustaf Ifel ya gama shi a 1889 don wani bajekolin duniya, da nufin a kwance shi bayan shekara 20, sai amfaninsa wajen aika saƙon rediyo ya cece shi. Mai son araha yana iya hawa da ƙafa, matakala 674 zuwa hawa na biyu, amma mu ƙafafunmu sun riga sun yi yaji. Ƙarfe 9 daidai sai hasumiyar ta ɗauki walƙiya tun daga ƙasa har sama, ƙyal-ƙyal-ƙyal, minti biyar cur, jama'a suka sa ihu. Wannan kam ko ni mai ƙarin gishiri ban kai ga kwatanta shi ba. Na juya in ce ta tsaya in ɗauke ta, sai na ga ta mayar da wayar jaka tana kallo kawai.

Saura minti biyar goma ta cika muka shiga ɗaki, muka buga wa mijin Yaya. Gadaje shida ne masu hawa biyu kamar na makarantar kwana, da 'yan mata daga ƙasashe daban-daban, wata har da munshari. Kowa da akwatin ƙarfe na ajiya, amma sai ka zo da kwaɗonka. Ba mu zo da shi ba. Muka kalli juna. Ta zaro kwaɗon soyayya ta datse mana jakunkuna da fasfo ɗinmu, ta ba ni makulli ɗaya ta riƙe ɗaya. Muka toshe baki da filo muna dariya har hawaye, kada mu tashi mutane.

Ranar Lahadi muka bi ta tsibirin da ke tsakiyar kogin muka ga majami'ar Notar-Dam daga waje, wadda aka fara ginawa a 1163, ta yi gobara ranar 15 ga Afrilun 2019, aka sake buɗe ta a Disambar 2024. Layin shiga ya yi tsawo, muka wuce. Muka ratsa unguwar ɗalibai da ƙafa, ta gaban tsohuwar jami'ar Sobon, har muka iso Babban Masallacin Faris.

In Allah Ya kai ɗayanku birnin nan, ko ba ta je ko'ina ba ta je nan. An buɗe shi a 1926 don tunawa da dubban sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hasumiyarsa mita 33, bango fari, rufi kore, ado irin na Maroko. Kina shiga ƙarar motoci ta ɗauke ɗif, sai lambu da ƙarar ruwa na zuba. Muka yi alwala muka yi azahar a sashen mata, sannan muka zauna a wajen shan shayinsu da ke gefe, aka kawo mana shayin na'ana'a mai zaƙi a 'yan kofunan gilashi, tsuntsaye na sauka kan tebur suna tsintar gutsuren alkaki irin nasu.

Ta daɗe tana juya kofi, can ta ce, “Jiya ban yi barci ba. Baffana zan kira.” Wato ƙanen mahaifinta, wanda shi ne waliyyinta. Na ce in ba ta wuri, ta ce in zauna. A gabana ta gaishe shi, ta tambayi gida, sannan ta faɗa masa komai tiryan-tiryan, da sharar, da banɗakin, da tashin asuba, muryarta na rawa amma ba ta tsaya ba. Daga ƙarshe ta ce, “Baffa, roƙona ɗaya ne. In sun yarda, a ɗaura auren kafin azumi ina nan, kai ne wakilina. Tarewa kuma a bari sai na karɓo takardata.” Aka yi shiru a wayar har na ɗauka layin ya yanke. Sai na ji muryar dattijon yana cewa, “Shara kike yi, 'yata? Shekara uku, ba ki faɗa ba?” Ya ce ta ba shi kwana uku.

Bayan ta ajiye wayar ta ce in ɗauke ta hoto. Na ce ta kawar da jakar ledar. Ta ce a bar ta, da takalmin duka. Shi ta aika wa malamin, tare da saƙon murya na minti bakwai wanda ban saurara ba, don na tashi na je kallon furanni.

Ƙarfe 5 muka hau bas. Kafin mu fita daga birnin ta buɗe littafinta na lakwal, wai tana da jarrabawa ranar Talata, ga shara da asubar Litinin. Ni kuwa na ɗauko biro na rubuta a bayan tikitin Lufur: a gyara babi na tara.

Amsar Baffa ba ta zo ba sai ranar Alhamis, ina cikin wanke kayan jariri ta bugo min. Malamin ya yarda nan take, har ya yi fushin an ɓoye masa. Tsohuwa kuwa sai da aka kai ruwa rana, daga bisani ta ce ta ba da shekara ɗaya, ko kwana ɗaya ba za ta ƙara ba. Da zan dawo gida ƙawata ta rako ni tashar jirgi, ta ga zik ɗin akwatina ya soma buɗewa, ta zaro kwaɗon ta datse min shi. Yana nan a jikin akwatin a ɗakin Hajiya. Makulli ɗaya na wurina, ɗayan yana Lil, ta ce in kawo mata abinta Damagaram ranar tarewa.